Murjanin Kakata

Da kakata ta rasu, ta bar mini sarƙar jan murjani. Tun ina yarinya a unguwar Jahun, cikin garin Bauchi, na ɗauka murjani dutse ne.

Wata rana wata ɗalibata ta tambaye ni, ta ce, "Malama, a ina ake haƙo murjani?" Na rasa amsa, kunya ta kama ni. Da na koma gida na bincika, sai na gane ashe murjani dabba ce ta teku. Ƙananan halittu ne masu baki, suna zaune tare, suna gina ƙashi mai tauri. Jan murjani a Bahar Rum yake girma, fatake ne suka riƙa kawo shi ta Sahara a kan raƙuma.

A wasu ƙasashe ana kiwon wani irin murjani mai tsoka a gida, cikin akwatin gilashi. Yana bukatar ruwan gishiri mai tsabta, da fitila, da injin da ke motsa ruwan. Da dare yakan buɗe baki, mai shi ya ba shi ɗan guntun kifi. Idan abincin ya yi yawa, ruwan zai ɓaci, murjanin ya mutu.

Na so in gwada, amma wuta ba ta zama a gidanmu. Na ji tsoron in kashe abin da ban san hakkinsa ba, sai na haƙura.

Washegari na tafi aji da sarƙar. Na miƙa wa ɗalibar, na ce, "Riƙe a hankali. Wannan ya taɓa cin abinci."