Ɗan Canjin Magama da Kotun Ƙoli

A Magama, wato mashigar nan ta Jibiya inda hanyar Katsina ta miƙe zuwa Maraɗi, akwai wani dattijo ɗan canji wanda ya ba shekara 70 baya. Tun yana saurayi yake zama ƙarƙashin rumfa da ɗan akwatinsa, yana karɓar naira ya ba da sefa, ya karɓi sefa ya ba da naira. Bai taɓa taka ƙofar wata kotu ba, bai kuma san yadda ginin Kotun Ƙoli yake a Abuja ba. Amma duk da haka, sau biyu a rayuwarsa hukuncin alƙalan da bai taɓa gani ba ya shigo har cikin ɗakinsa.

Mahaifinsa mutumin Maraɗi ne, mahaifiyarsa kuwa haifaffiyar Jibiya ce, kuma a ɗakinta aka haife shi tun kafin samun mulkin kai. Wannan ba abin mamaki ba ne a wannan yanki, domin bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina can Maraɗi suka koma suka kafa sarautarsu, sa'an nan daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka shata iyaka a tsakanin 'yan uwan juna. Saboda haka bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko shi ɗan wace ƙasa ne ba, sai a watan Janairu na 1980.

A wannan wata ne aka ji a rediyo cewa an kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka kai shi ƙasar Chadi aka ajiye, bisa umarnin Ministan Harkokin Cikin Gida, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne, domin asalin mahaifinsa daga can yake. Ɗan canji ya ji labarin, jikinsa ya yi sanyi. In har za a iya ɗaukar mutumin da jama'a suka zaɓa, mai mota da muƙami, a fitar da shi kamar buhun da kwastan suka kama, ina ga mai zaman rumfa wanda gidan ubansa yake ƙetaren shinge? Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai shi bai san inda zai samo ruwan ba.

Ruwan ya fito ne daga Babbar Kotun Maiduguri, wadda a cikin shekarar ta yanke hukunci cewa Shugaba ɗan ƙasa ne, korarsa kuma ta saɓa wa Tsarin Mulkin 1979. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, a 1982 aka sake kayar da ita. Hujjar a bayyane take cikin tsarin mulki: wanda aka haifa a Nijeriya kafin mulkin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta ƙasar, to shi ɗan ƙasa ne, kuma ba mai ikon korarsa ko hana shi shigowa. Wato uwa ma tana ba ɗanta ƙasa. Da aka shiga 1983, gwamnati ta kori baƙin da ba su da takardu, manyan motoci suka yi ta wucewa ta gaban rumfarsa shaƙe da mutane da tabarmi da tukwane. Wani mai kaki ya tsaya a kansa ya tambaye shi asalinsa. Ya faɗi sunan unguwar mahaifiyarsa, ya kuma ambaci shari'ar Shugaba. Mai kakin ya dube shi, ya wuce.

Tun daga ranar ya riƙa sauraron labarin kotuna kamar yadda manomi yake duban gabas da damina. Tarihin babbar cikinsu kuwa a bakin jikarsa ya ji shi, wadda take karatun lauya, wadda kuma yake tsokana da sunan Amarya. Ta shaida masa cewa har bayan mulkin kai a 1960 maganar ƙarshe ba a hannun alƙalan gida take ba, sai an kai ƙara Landan, gaban majalisar shari'a ta Sarauniya. Rikicin Jihar Yamma ne ya kawo ƙarshen wannan. A 1962 Gwamna ya tuɓe Firimiya Akintola, kotun tarayya da ke Ikko a ƙarƙashin Sir Adetokunbo Ademola ta ce tuɓewar ba ta halatta ba, a 1963 alƙalan Landan suka ce ta halatta. 'Yan siyasa suka gyara tsarin mulkin jihar don hukuncin ya faɗi banza, kuma daga ranar 1 ga Oktoba, 1963, da ƙasa ta zama jamhuriya, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta zama matuƙa.

Ta ba shi labarin shari'ar Lakanmi ta 1970, inda kotun ta ce gwamnatin soja ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da dokar da aka tsara dominsa ba tare da shari'a ba, sa'an nan ba da jimawa ba soja suka fito da Doka ta 28 suka shafe hukuncin. Ta kuma tuna masa shari'ar Awolowo da Shagari ta 1979, lokacin da aka yi ta lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19, kotu ta yarda da jiha 12 da kashi biyu cikin uku na ta 13, wato Kano. Da ta kai kan Mai Shari'a Muhammadu Bello, ɗan Katsina, wanda ya shugabanci kotun daga 1987 zuwa 1995, sai tsohon ya gyara zama ya ce, “Amarya, ashe har namu ya zauna a kujerar.” Ta ce, “Har mace ma ta zauna, Kaka, Mai Shari'a Aloma Mukhtar, a 2012.” Ya yi dariya ya ce to saura ita.

Labarin Lakanmi ya fi kama shi, domin ya ɗanɗana irinsa. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta canja launin kuɗi, ta rufe kan iyaka, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a musanya. Rabin jarinsa yana hannun abokan ciniki a Maraɗi, kafin ya dawo ya zama takarda. Ba wanda ya yi zancen kotu a lokacin, domin dokokin soja sun ɗaure mata hannu.

Shekara 38 bayan haka aka sake canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ranar 10 ga Fabrairu, 2023, ta zama wa'adin daina karɓar tsofaffi. Sababbin ba su wadata ba. A kasuwar Jibiya mai hatsi ya ƙi tsohon kuɗi, mai saye ba shi da sabo, ɗan canji kuwa ya zauna da dami a akwati yana jiran irin asarar 1984. Sai jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara kai tsaye gaban Kotun Ƙoli, domin ita ke da ikon jin rikici tsakanin jiha da tarayya tun daga farko, daga baya Katsina da wasu jihohi suka shiga. Ranar 3 ga Maris kotu ta yanke cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. A watan Nuwamba ta ɗage wa'adin gaba ɗaya.

Abin da tsohon bai manta ba shi ne kwana 10 da suka biyo bayan hukuncin. Kotu ta yi magana, amma a kasuwa ba wanda ya yarda ya karɓi tsohuwar naira, kowa yana jiran ya ji daga bakin masu mulki, har sai da Babban Banki ya fitar da sanarwa ranar 13 ga wata. A cikin kwanakin nan ne ya fahimci abin da jikarsa ta daɗe tana faɗa masa, cewa alƙali ba shi da bindiga ba shi da baitulmali, ƙarfinsa duka yana ga yardar mai ƙarfi ya bi abin da aka rubuta. Inda aka bi, kamar a shari'ar Shugaba, talaka ya kwana a ɗakin uwarsa. Inda aka ƙi, kamar a shari'ar Lakanmi, takarda ce kurum ta rage.

Ranar da aka soma karɓar tsofaffin kuɗin, ya buɗe akwati ya ƙirga daminsa sau biyu, ya ware kuɗin makarantar jikarsa ya miƙa mata. Ta ce, “Kaka, ai ka ce shari'a saɓanin hankali ce.” Ya ce, “Har gobe ma na faɗa, Amarya. Amma je ki karanto ta da kyau, don wanda yake zaune a bakin shinge ya fi kowa bukatarta.”