Tsohuwar Kyamara: Ingila Na Adanawa, Gusau Na Aunawa Da Kilo

A nan Ingila akwai mutanen da ke ɓarin kuɗi wajen farautar tsofaffin kyamarorin bidiyo masu hoto baƙi da fari, irin Portapak ɗin da kamfanin Sony ya fitar a 1967, wadda ake rataya na'urar naɗinta a kafaɗa. Suna share su, suna neman kayan gyaransu, gidan tarihin kimiyya da yaɗa labarai na Bradford ma yana ajiye da tsofaffin kyamarorin talabijin. A Gusau da Tsafe da Bungudu kuwa, na'ura in ta tsufa ƙarshenta hannun 'yan gwangwan, a ɗora a sikeli.

Gaskiya ne irin waɗancan kyamarori ba su yawaita a ƙasarmu ba. Bidiyo bai zo hannun talaka ba sai zamanin kaset ɗin VHS mai launi, wanda ya haifi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. To amma amfanin mai tara tsofaffin na'urori ya wuce ƙawata ɗaki: muddin na'urarsa na aiki, tsohon kaset zai yi magana. Mu da muka sayar da na'urorin, kasusuwan hawan sallah, da na naɗin sarauta, da na makaɗan fada, da na bukukuwan kafa Jihar Zamfara a 1996, duk sun zama kurame a cikin akwati, zafi da ƙura na cin su. Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon VHS, ya daina tun 2016, kuma a 2019 UNESCO ta yi gargaɗin cewa damar kwafe irin waɗannan kasusuwa ta kusa kuɓucewa.

Wani zai ce jihar da 'yan bindiga suka hana noma ba ta da lokacin tsohon kaset, tunda sai da rai ake ado. Ban raina wannan magana ba. Sai dai ƙauyen da aka tayar, watakila babu sauran shaidar yadda yake sai bidiyon wani biki da aka ɗauka shekaru 30 baya, aikin kwafe kasusuwan kuma ba ya cin kuɗi: na'ura mai lafiya, kwamfuta, da mai gyara. Jami'ar Tarayya ta Gusau da masarautun Gusau, Tsafe da Bungudu su nemi tsofaffin masu ɗaukar biki, su sayi na'urorin da suka rage kafin ɗan gwangwan ya riga su.