Kwana uku a Harobanda

Mu nan ba mu da al'adar zuwa duba jami'a kafin a shiga. Ka ci bak, a yi guɗa a gida, ka samu gurbi, ka ɗaure jaka ka tafi inda takarda ta ce. Galibinmu sai ranar rajista muke fara ganin ƙofar wurin da za mu yi shekara uku ko biyar a cikinsa. Alhali ko akuya mutum zai saya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora.

Ni ma dole ce ta kai ni. Na samu gurbi a sashen ilimin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni, a Yamai. Baba kuwa ya fi son in yi karatun shari'a a Tawa, ko in zauna shago tare da shi a Maraɗi. Da na yi mishi bayanin abin da nike so, cewa ya yi: "Hausar da ka sha a nono ita za ka tahi Yamai ka karanta? In ka ƙare, wa za ka saida ma?" Ban da amsa a lokacin. Daga baya ya ba ni kuɗin kar da kwana uku, ya ce in je in gani da idona.

Tsakanin Maraɗi da Yamai kusan kilomita 660 ne, wuni guda a mota. Jami'ar tana ƙetaren kogi, a Harobanda, sai an haye gadar Kennedy. Yayan wani abokina da ya tarbe ni a tasha, muna bisa gadar ya nuna mini inda aka harbi ɗalibai ranar 9 ga Fabarairu 1990. Da muka sauka ya ce Harobanda a Zabarmanci "bayan ruwa" kenan. Shi ne abu na farko da na rubuta a ɗan littafina. A ambasad ɗin ƴan Maraɗi na kwana. Ga wanda bai sani ba, ambasad wurin zama ne da ɗaliban yanki guda suke haɗuwa, baƙo daga gida ya samu tabarma da wanda zai nuna mishi hanya.

Gine-gine ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Amfi amfi ne, allo allo ne. Abin da takardar gurbi ba ta gaya mini ba, kunne ne ya jiyo shi. A Maraɗi Hausa kamar iska take, ba ka lura da ita. A layin resto kuwa, cikin ƴan mintoci na ji Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Tamajak, da wani harshe da sai da na tambaya aka ce mini Tubanci ne. Mai saida kopto ta yi mini magana da Zabarmanci, na tsaya ina kallonta, ta yi dariya ta juya Hausa. Karo na farko kenan da na zama wanda ake juya ma harshe don tausayi.

Da dare a fada, ana zuba shayi, sai gardama ta tashi tsakanin wani Ba'adare da wani ɗan Damagaram. Wannan ya ce "sunka zo", wancan ya ce "suka zo", kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya karya Hausa. Wani ɗan Dogonduci ya shiga da tashi, aka haɗu aka yi mishi ca. Sai wata ɗalibar shekara ta uku ta ce duk su yi shiru, babu wanda ya karya komi: kowane karin harshe yana da ƙa'idarsa, Hausar Kano da ake rubuta littattafai da ita ma kari ce, sa'a ta yi aka zaɓe ta. Ba su yarda ba, amma ni na yarda. Tun ina ƙaramin lakwal ake gyara mini "tahi" zuwa "tafi", ban taɓa jin wani ya ce tawa ma daidai take ba.

Ita ce washegari ta shigar da ni darasinsu, na zauna can baya. Malamin ya rubuta kalmar "kuka" sau biyu a allo, ya ce wani ya karanta. Iri ɗaya suke a rubuce. Ya ce to, kukan jariri da kukar miya fa? Aji ya ɗauka, kowa na maimaitawa: a ta farko murya tana sama har ƙarshe, a ta biyu sai ta faɗo ƙasa a gaɓar ƙarshe. Ya ƙara da garin da ake zama da garin tuwo, inda tsawon wasali ma ya shigo. Duk Bahaushe yana rarrabe waɗannan tun yana goye, rubutunmu na yau da kullum ne ba ya nuna su. Daga nan ya zana reshen harsuna, ya nuna Hausa cikin dangin Cadi, kuma a can nesa kakanta ɗaya da Tamajak da Larabci, ba da Fulatanci ko Zabarmancin da muke maƙwabtaka da su ba. Awa biyu na yi ban san sun wuce ba.

Amma daɗin darasi ba zai amsa tambayar Baba ba, don haka da aka tashi na bi malamin. Na ce, "Mushe, don Allah wanda ya ƙare nan, mi yake ci?" Bai yi mini alkawarin arziki ba, kuma wannan ya sa na amince da shi. Ya ce tun 1973 ƙasar nan take gwada koyar da yara da harshen gida, an fara da Hausa a Damagaram, kuma aikin yana buƙatar masu rubuta littattafai, masu horar da malamai, masu tsara ƙamus. Akwai fassara, akwai rediyo, akwai yaƙi da jahilci. Ya ce wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, ɗan Tasawa ne, masanin hasken rana, amma tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana kare koyarwa da harsunanmu. A lokacin ba a kai 2025 ba, da aka ayyana Hausa harshen ƙasa, balle in ce iska ce na bi.

Na kuma yi abin da ɗan ɗan kasuwa ya kamata ya yi: lissafi. Na tambayi kuɗin tiken resto, na hotokopi, na sabulu, na faba-faba zuwa cikin gari, na kar sau biyu a shekara. Na jera su a shafi guda. Da na kira Baba a dare na uku, da wannan shafi na fara, kafin maganar kuka da gari. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini jimla ɗaya, ya ce kuɗin takalmi ba su ciki. Sannan ya ce in yi rajista, da sharaɗin duk hutu ina shago.

A hanyar komowa ban yi barci ba. A Doso masu talla da Zabarmanci suke kira. Kafin Dogonduci Hausa ta karɓa, amma ba irin tamu ba. A Ƙonni ta sake launi, a Madawa ma haka. Hanyar nan na bi zuwa, kwana uku da suka wuce, ban ji ko ɗaya ba. Kafin mu shiga Maraɗi na cika shafi huɗu, har tsohuwar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko bashi nike rubutawa.