Gilashin Da Ke Jawo Nesa Kusa

Mu malaman makaranta, albashinmu bai kai mu sayi gilashin kyamara biyu ba. Dole guda ɗaya ya kamo mana tsuntsu da ɗan wasa. Mai milimita 50 ba ya cim ma zalɓe a fadamar Haɗejiya da Nguru. Kafin mu matso ya tashi. Mai 600 kuwa, ga nauyi ga tsada. Sai muka tsaya a kan 300, wanda ke ninka girman abu sau shida bisa na 50, hannu kuma ya riƙe shi. Amma fa sai saurin ɗauka ya kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba fiffike da ƙafar mai ƙwallo duk su koma hazo. Da shi muke nuna wa ɗalibanmu tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai, domin su san darajar fadamarsu. Gani ya kori ji.