Kifi Na Ganinka Mai Jar Koma, Kai Fa Kana Ganinsa?

Duk wanda ya san Kornaka zai yi murmushi in ya ji mutumin garin zai yi rubutu a kan kamun kifi. Mu ba mu da kogi. Gero da wake muke nomawa a jigawa, ruwan shanmu na rijiya ne da famfo, sai 'yan tabkunan da damina ke cikawa, waɗanda kafin sanyi ya fita sun koma busasshiyar laka. Kifin da ya fi zama a tabki irin wannan ita ce gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta kwanta har ruwa ya dawo, kuma mai nemanta da rani ya fi bukatar fartanya a kan koma. To amma samarinmu suna fita. Da an gama girbi sai ka ga an watse, wasu Maraɗi, wasu Najeriya, wasu kuma bakin ruwa, Madarunfa ko Tabalak, su raɓu da masunta su koyi sana'a.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan, yaron da na koyar shekarun baya, shi ya aiko mini da saƙon murya daga Madarunfa. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Mushe, idona ne ke damuna. In na wuni a kan ruwa, da yamma sai ya yi ja yana hawaye, kaina na sarawa. Na ga masu tabarau a kasuwa, akwai baƙi, akwai ruwan ƙasa, akwai ɗorawa, akwai shuɗi mai ɗaukar ido kamar madubi. Wanne zan saya?"

Na ce masa, "Ɗana, launi shi ne tambaya ta uku. Akwai biyu a gabansa." Bayan na amsa masa sai na ga maganar ta fi shafarmu, mu malamai da iyaye da ke nan tudu, fiye da shi da ke bakin tabki.

Ta farko ita ce ko gilashin yana tare hasken nan da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Yana cikin hasken rana, ba shi da launi, ba a jin shigarsa, amma yana taruwa a ido shekara da shekaru. A 1988 wani likitan ido mai suna Hugh Taylor da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan masunta 838 na mashigin Chesapeake a Amurka. Sun ƙiyasta yawan hasken da kowannensu ya sha a rayuwarsa, suka duba idanunsu, suka tarar waɗanda suka fi shan wannan haske sun fi kamuwa da wani nau'in yanar ido. Yanar ido kuwa ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Akwai kuma naman nan da ke tsirowa daga kusurwar ido yana rarrafowa kan baƙin, wanda ake alaƙantawa da rana da iska da ƙura. Ku dubi idanun dattawanmu manoma da makiyaya ranar kasuwa, za ku ƙirga da yawa.

Duhun gilashi ba shi ne ke tare UV ba. Nan ne mutane ke ruɗewa. Ana iya samun gilashi fari tas wanda ke tare shi kusan duka, saboda irin robar da aka yi shi da ita, ana kuma iya samun baƙi ƙirin da ke barinsa ya wuce. Wannan na biyun ya fi zama babu tabarau sharri, domin ƙofar nan ta tsakiyar ido tana tsukewa in haske ya yi yawa, tana buɗewa in an shiga duhu. Baƙin gilashi yana yaudararta ta buɗe, hasken ɓoyen ya samu hanya. Alamar da ake nema ita ce rubutun UV400, wato gilashin yana tare duk hasken da ke ƙasa da ma'aunin nanomita 400. Sai dai kowa ya san takardar mannawa ba ta da tsada, kuma tsadar tabarau ma ba shaida ba ce. Na faɗa wa yaron ya nemi mai shago ko ɗan canji da ke da ƙaramar tocila ta duba jabun kuɗi. A haska takardar jika guda, za a ga wasu zane-zane sun yi haske. Sai a sa gilashin tsakanin tocilar da kuɗin. In zanen ya mutu, gilashin yana aiki. In yana nan yana haskawa, a ajiye wa mai kaya abinsa. Gwajin bai kai na'urar asibitin ido ba, amma yana kama mafi munin kaya.

Tambaya ta biyu ita ce ta masunta zalla: shin gilashin yana kashe ƙyallin ruwa? Wannan wuri ne da nake son malaman kimiyya su tsaya, don darasi ne mai daɗi. Hasken da ke zuwa daga rana yana kaɗawa ta kowace fuska. Amma in ya bugi shimfiɗaɗɗen ruwa ya dawo, mafi yawansa a kwance yake kaɗawa. Shi ne farin ƙyallin nan da ke rufe fuskar tabki har ba ka ganin komai sai sama. Akwai gilashin da aka saka wa wata siririyar rariya a ciki, wadda ke barin haske mai kaɗawa a tsaye ya wuce, ta tare na kwance. Ku ɗauka darni ne na karan dawa: in ka riƙe sanda a tsaye za ta shige tsakanin kara da kara, in ka riƙe ta a gicciye sai ta tokare. Wani Ba'amurke, Edwin Land, shi ya ƙirƙiro wannan rariya a matsayin faifan roba mai araha, ya kuma kafa kamfanin Polaroid a 1937. A jikin tabarau za ka ga an rubuta Polarized ko Polarisé.

Shi ma ana gwada shi a tsaye gaban mai talla. Ka kunna wayarka, ka dube ta ta cikin gilashin, ka riƙa juya shi a hankali kamar sitiyari. In akwai rariyar, a wani wuri fuskar wayar za ta dushe ko ta yi baƙi. In mai tallar yana da guda biyu, a ɗora ɗaya kan ɗaya a gicciye, sai ka ga duhu ya rufe. Aikin rariyar ya fi ƙarfi in ana duban ruwa a karkace, ko kuma rana tana wajen digiri 37 sama da doron ƙasa, wato da hantsi da kuma bayan la'asar, kuma lokutan nan biyu su ne ƙyalli ya fi cin ido.

Sai launi. A nan ne shawarar da ake bayarwa a ƙasashen waje ke bukatar a tace ta kafin a sha, domin yawancinta an yi ta ne don masu fatsa a teku ko a kogi garai-garai, inda mutum ke hango kifi yana yawo a ƙasa. Ruwanmu ba haka yake ba. Tabkin Madarunfa da na ƙauyukanmu ruwa ne mai laka, ja-ja, in ka tsoma hannu zuwa gwiwa ba ka ganin yatsunka. Babu gilashin da zai huda laka. Abin da masunci ke karantawa a saman ruwa yake: tarwaɗa ta taso ta shaƙi iska ta koma, garken ƙarfasa ya girgiza ruwa, 'yan gorunan da ke riƙe da taru sun nutse ko sun karkata, kututture yana ɓoye ɗan taƙi ƙasa da fuskar ruwa yana jiran ya yaga birgi. Don irin wannan, ni a ganina ruwan ƙasa ko ruwan zuma ya fi. Launukan nan suna rage shuɗin haske, shi ne wanda ya fi watsuwa cikin hazo, sai abubuwa su fito da gefensu sarai. Da hunturu, lokacin da ƙura ke haɗe sama da ruwa su zama abu guda, bambancin a fili yake.

Toka-toka, wanda muke kira baƙi, yana rage haske baki ɗaya ba tare da canza launin komai ba. Ya dace da mai wuni tsakiyar faffaɗan ruwa cikin ranar bazara, amma da asuba ko in hadari ya haɗu yakan yi duhu da yawa. Ɗorawa ta sassafe ce da magariba, tana barin haske mai yawa ya shiga, da rana tsaka ba ta hutar da ido. Kore yana tsakani. Shi kuwa shuɗin nan mai kama da madubi da ke jan hankalin samari, fenti ne a bayan gilashin. Ka ɗaga shi ka duba ta ciki, launin da ka gani shi ne launinsa na gaske. Akwai kuma lamba daga 0 zuwa 4 da ake bugawa a ƙafar tabarau mai kyau. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske, ita ce daidai da ranarmu. Lamba 4 ta fi duhu, ba a tuƙi da ita, kuma wannan ya kamata 'yan kabu-kabu su ji. Don haka na ce wa yaron ya nemi ruwan ƙasa, lamba 3, mai rariya, mai faɗin da zai rufe gefen ido, ya ɗaura masa zare a wuya don tabki ba ya mayar da abin da ya haɗiye, kuma kada ya raina malafa. Malafa mai faɗin baki tana rage kusan rabin hasken UV da ke isa ido, ga ta ana saƙa ta a garinmu.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo maganar nan gaban iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwa da ciyawa da ƙasa suna mayar da ƙasa da kashi 10 cikin 100 na hasken UV da ya same su, busasshen yashin bakin teku kuwa yana mayar da wajen kashi 15. Rairayinmu ba na teku ba ne sak, amma ɗan'uwansa ne. Wato ƙyallin da ke sa masunci hawaye ya fi ciwo nan take, amma ɓoyayyen hasken da ke lalata ido a hankali bai bar mu a tudu ba. Yarinyar da ke tafiya rijiya da azahar, da yaron da ke bin awaki a jigawa daga safe har yamma, suna shan rabonsu, ga shi kuma idon yaro ya fi na babba barin wannan haske ya kai can ciki.

Mu kuwa yaushe muke saya wa yara tabarau? Da salla. Na dala hamsin ko ɗari, masu kunnen zomo da taurari, don a yi hoto a je yawon barka da salla. Ba ni da faɗa da kwalliyar yara, ni ma ina saya wa nawa. Damuwata abin da ke biyo baya ne. Yaro in ya sa baƙin gilashi, abu na farko da yake gwadawa shi ne ya ɗaga kai ya kalli rana, har su yi gasar wa zai fi daɗewa. Babu tabarau na kasuwa, komai tsadarsa, da ya isa a kalli rana da shi. Tana iya ƙona tsakiyar ganin yaro ba tare da ya ji zafi ba, tabon kuma wani lokaci ba ya gogewa. Wannan magana ce ta minti ɗaya da uwa za ta faɗa lokacin da take miƙa masa, a kuma maimaita ta a aji kafin hutun salla.

Mu malamai ma da namu. A wurinmu baƙin tabarau a fuskar yaro alamar fitsara ce, ko kwaikwayon 'yan fim, hannu har ƙaiƙayi yake a ƙwace. Sau da yawa hakan ne. Amma akwai zabiya. Idonsu ba shi da isasshen launin da ke tare haske, shi ya sa kake ganinsu suna runtse ido suna sunkuyar da kai a fili. Na taɓa ganin an karɓe wa irin wannan yarinya tabarau a layin safe, wai doka ɗaya ce ga kowa, ta wuni da hannu a goshi. Yaro irin wannan a bar masa tabarau da hularsa a filin makaranta, a zaunar da shi gaba kusa da allo, nesa da hasken taga, a kuma rubuta masa da manyan baƙaƙe. Haka wanda aka yi wa aikin ido, ko mai jan idon da haske ke sa shi hawaye, sai a tambaya kafin a ƙwace, a tura iyaye asibiti.

Ga malamin da ke son ɗalibai su gani da idonsu, ba a bukatar ɗakin gwaji. A samo babbar roba mai duhun ciki, a cika ta da ruwa, a jefa tsabar dala biyar, a ajiye a fili da hantsi. Yara su tsaya ta ɓangaren da ke fuskantar rana, su ja da baya har sai ƙyalli ya rufe kuɗin. Sai a ba su tabarau mai rariya guda ɗaya, ko da aro ne, su riƙa karɓa bi da bi. A riƙe shi daidai, kuɗin ya bayyana. A juya shi ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙyalli ya dawo ya haɗiye shi. Daga nan a zuba dunƙulen laka a dama ruwan, a sake ba su gilashin, a tambaye su me ya sa yanzu ko an juya ba a ganin komai.