Ɗigon Farko a Kan Ƙwarya

Har gobe, in hadari ya haɗo daga gabas, hancina ke riga idona sani. Ƙamshin nan na ƙasar da ta yi wata takwas tana shan rana, shi ke ɗaukata ya ajiye ni a ƙauyenmu, can tsakanin Keita da Tamaske, inda duwatsun Adar suke kwance kamar an gasa su. Muna yara, da mun ji iska ta juya, sai kowa ya ruga ɗakin uwarsa ya sunkuto ƙwarya, mu jera su a kife bisa fako. Wanda ɗigon farko ya sauka a kan ƙwaryarsa, shi ke da goruba biyu. Ana cikin yayyafi sai ka ga ta wane ta sami ɗigo bakwai, ta kusa da ita ko ɗaya babu, mu yi ta gardama har da rantsuwa. Da ruwan ya kece kuwa, duk ƙoren sun jiƙe daidai, wasa ya tashi, sai tsalle cikin taɓo.

Na manta da wasan nan fiye da shekara arba'in. Abin da ya tuna mini shi wata tsohuwar kwamfuta ce, a bazarar 2012, a ɗakina na birnin Tawa. Lokacin ina koyar da ilimin halittu, sai wani tsohon ɗalibina ya dawo hutu daga karatu a waje, ya zo gaishe ni da wasu takardu a hannu. Ya ce, "Mushe, lissafin da kuka koya mana na haɗuwar sinadarai daidai ne, amma na mamakon ruwa ne. Cikin ƙwayar halitta guda, sau da yawa yayyafi ake yi." Na gane nufinsa tun bai rufe baki ba. A kwalbar gwaji ƙwayoyin sinadari ba su ƙirguwa, don haka komai yana tafiya sumul. A cikin bakteriya guda kuwa, wani furotin bai wuce ƙwaya goma ko ashirin ba, kuma a nan dace yana da ta cewa.

A bakinsa na fara jin sunan Daniel Gillespie, masanin kimiyyar Amurka da ya wallafa hanyarsa a 1976 da 1977, yana aiki a China Lake cikin hamadar Kaliforniya. Na ji daɗi da na ji mutumin hamada ne. Hanyar tasa ba ta da wuyar faɗi: kwamfuta ta jefa ƙuri'a biyu, ɗaya ta faɗi yaushe haɗuwa ta gaba za ta auku, ɗayar ta faɗi wacce ce, kuma wadda ta fi yawan kayan haɗi da saurin haɗuwa ta fi samun rabo. Sai a gyara ƙirga, a sake jefawa, har lokaci ya cika. Yaron ya nuna mini hoton gwajin Michael Elowitz da abokansa na 2002: bakteriyar E. coli masu gado iri ɗaya, a abinci ɗaya, amma kowace da irin launin da take haskawa. Na daɗe ina kallon hoton. Ƙorenmu ne a jere bisa fako.

Manhajar da muka nema don gwada hanyar Gillespie sunanta StochKit2, daga rukunin Linda Petzold na Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara, kuma kyauta ce. Sai dai ba a ba ka ita dafaffiya. Ɗanyen rubutun C++ ne, kai za ka harhaɗa shi a injinka. Ina da faifan Ubuntu da ya taɓa zo mini ta gidan waya, a zamanin da ake aiko shi kyauta ga duk wanda ya roƙa, mun kuwa ɗora shi lafiya. Sannan aka ce sai mun samo g++, wato maginin da zai mayar da rubutun ya zama manhaja. Gidana babu intanet. Kullum bayan la'asar mukan taka zuwa wani shagon intanet kusa da kasuwa, mu biya kuɗin awa, mu zauna muna kallon ɗan layin saukewar nan yana rarrafe. Ƙamshin tsire da hayaƙin babura suna shigowa ta ƙofa, fanka tana juya iska mai zafi. Sau biyu layin yana gab da cika wuta ta ɗauke, duk shagon ya ɗauki salati baki ɗaya.

Daren da muka harhaɗa ta, a tsakar gida muka shimfiɗa tabarma saboda zafi. Mun ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don ta sha iska, ƙaramin jikana yana yi mata fifita da faifai kamar amarya. Rubutu fari yana ta gudu a baƙin allo, can sai ya tsaya da ƙorafi, mu karanta, mu gyara, mu sake. Shayi ya kai zagaye na uku kafin allon ya yi shiru ba tare da ƙorafi ba. Ɗalibina ya rubuta wa manhajar umarnin ssa, ya ba ta sunan misalin da ya zo tare da ita, ya ce ta maimaita sau dubu. Muka zana sakamakon, sai ga layuka suna karkarwa, kowane da hanyarsa, amma duk suna bin kwari ɗaya kamar koramun Adar da damina.

Maƙwabcinmu mai shayi ya leƙo ya tambayi abin da muke murna a kai. Da aka yi masa bayani ya riƙe haɓa ya ce, "Malam, ashe ita ma kwamfutar ƴar caca ce?" Muka yi dariya har jikana ya saki faifai. Da ɗalibin ya ƙara da cewa lambar da ake fara ƙuri'ar da ita sunanta iri, kuma in ka ba injin iri ɗaya zai ba ka amfani ɗaya kullum, sai mai shayin ya girgiza kai ya ce lallai wannan injin bai taɓa noma a Adar ba.

Yanzu yara suna sauke irin wannan manhaja kafin ruwan shayi ya tafasa, wasu ma a wayar hannu suke duba sakamako. Ina yi musu murna da zuciya ɗaya. Abin da nake ɗan jin kewarsa shi ne jiran, don a cikin jiran nan ne muka yi hira, muka fahimci abin da muke nema tun bai zo ba. Gillespie ya rasu a 2017, Allah bai yi na gode masa ba. Tsohuwar kwamfutar tana cikin akwati, ba ta ƙara tashi ba.

Bara da hadarin farko ya taso, na ga jikan nan nawa, wanda yanzu ya fi ni tsawo, ya fito da ƙannensa tsakar gida, kowa da kwanon roba a hannu. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohuwar ƙwaryar kakarsu, na kife ta a ƙarshen layi, na zauna muna jira tare.