Rauni da ƙwayoyin cuta

Da damina, gidan likita na ƙauye ba ya rabuwa da masu rauni. Wani hauya ta sare shi, wani ƙaya ta soke shi, wani ya taka tsohon gwangwani. Da yawa ba sa zuwa sai bayan kwana huɗu, ƙafa ta kumbura, an zuba mata toka ko kashin shanu, an ɗaure da tsumma.

Ma'aikacin jinya ba ya farawa da magani. Sai ya wanke hannunsa da sabulu tukuna. Sa'an nan ya wanke raunin da tafasasshen ruwa wanda ya huce, ya fidda ƙasa da duk wani datti. Mai rauni yana cije baki, shi kuwa ba ya gaggawa. In ya gama ya sa magani, ya rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda.

Mene ne dalilin wannan wanki? A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin cuta, ƴan ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In sun shiga rauni, sun sami ɗumi da abinci. Akwai wadda ke rabuwa biyu kowane minti 20. A cikin awa 7, ƙwaya ɗaya tak tana iya zama fiye da miliyan 2. Daga nan sai zafi da kumburi, sai mugunya da wari, sai kaluluwa da masassara. Ƙaramin rauni ya zama gyambo.

Mafi muni ita ce ƙwayar tetanus. Tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana son rauni mai zurfi. Ita ce ke sandare jikin mutum, ta sarƙe masa haƙora. Don haka likita kan yi wa mai rauni allura.

A dā, ko a asibitocin Turai mutane suna mutuwa saboda ruɓar rauni. A shekarar 1867 wani likita mai suna Josef Lista ya nuna cewa in an tsabtace rauni da hannu da kayan aiki, masu mutuwa suna raguwa.

Yara, wanda ya ji rauni ya wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, ya rufe shi. In yana da zurfi, ya tafi gidan likita ran nan, kada ya jira gobe.

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a sa kashin shanu a rauni?
2. Ƙwaya ɗaya za ta zama nawa bayan awa ɗaya?